Amsar Takardunku: Me Ke Kai Turawa Cikin Tsagin Dutse?

 Takardar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga wajen wani dattijo, manomi kuma mai fataucin albasa, a yankin Illela ta Jihar Sakkwato. Bayan doguwar gaisuwa ga dukkan ma'aikata, ya ce ɗansa ne ya nuna masa wani hoto mai motsi a wayar hannu, inda ya ga Turawa maza da mata sun yi jerin gwano, kowa da jaka a baya da hular kwano a kai, suna kutsawa cikin wani tsagin jan dutse wanda ko jaki mai mangala ba zai iya wucewa ba. Shi ne yake tambaya, wai ina ne wannan wuri, kuma tun yaushe aka fara wannan abu? Zinariya suke nema, ko ibada ce, ko kuwa hukunci aka yanke musu?

To Baba, mun gode da wannan tambaya, kuma ba kai kaɗai ka yi ta ba. Amsa a taƙaice dai ita ce, babu zinariya, babu ibada, babu alƙali. Yawon buɗe ido ne, kuma da kuɗinsu suke sayen wannan wahala. Amma da yake ka tambayi asalin abin, sai ka gyara zama, don labarin yana da ɗan tsawo.

Wurin yana kudu maso yammacin ƙasar Amurka, a wani babban tudu da ake kira Tudun Kolorado, wanda ya ratsa jihohi huɗu, wato Yuta da Arizona da Kolorado da Sabuwar Meziko. Faɗinsa ya fi kashi ɗaya cikin uku na Nijeriya. Ƙasa ce busasshiya, a wurare da dama ruwan da ake samu a shekara bai kai milimita 250 ba, ka ga ko gero sai an yi da gaske. Masana ilmin ƙasa sun ce kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce wurin hamada ce mai manyan tuddan rairayi, irin na Tenere ta ƙasar Nijar. Da tafiya ta yi tafiya rairayin ya danne juna, ya ƙanƙare, ya zama dutse ja da fari. Har yau in ka duba jikin dutsen za ka ga layi-layi a karkace, irin zanen da iska kan yi a jikin tudun yashi.

Abu biyu ne ke jan mutane can. Na farko falalen dutse. Ka san irin fa ɗin nan na bayan gari, inda mata kan yi shanyar barkono ko tsaki? To a can sai ka wuni kana tafiya a kansa, hawa da gangara, ba ƙasa ba ciyawa. Turawan farko da suka je sun sa masa suna da harshensu, ma'anarsa dutse mai santsi, don dawakinsu masu takalmin ƙarfe zamewa suke yi a kai. Amma mai takalmin roba ji zai yi kamar yana taka dutsen niƙa. Aibinsa ɗaya, ba ya riƙe sawu. In ɗan'uwanka ya ɓace maka a kansa, ko maharbin da ya fi kowa bin sawu sai ya tsaya yana susar kai. Shi ya sa ake tara 'yan duwatsu a jere, su zama alamar hanya.

Na biyu shi ne tsagin da ka gani. Yadda ake samunsa kuwa, ruwan sama in ya sauka kan falalen dutse ba inda zai nutse. Duk abin da ya zuba a fili mai faɗin gonakin gari guda sai ya tattaru ya faɗa cikin 'yar ɓaraka ɗaya, ɗauke da yashi da tsakuwa da itace, yana cin dutsen kamar zarto. Shekara da shekaru ana haka, sai ɓarakar ta yi zurfi ba tare da ta yi faɗi ba. Akwai wani da ake kira Bakskin, kusa da iyakar Yuta da Arizona, tsawonsa ya fi kilomita 20, bangonsa a wasu wurare ya haura mita 100, amma akwai inda za ka miƙa hannu biyu ka taɓa dama da hagu. Rana ba ta kai wa ƙasansa sai ɗan lokaci. Masu wucewa kan ɗaga kai su hango kututturen itace ya gitta can sama, inda tsani ba zai kai ba. Ba mutum ya ɗora shi ba. Ruwa ne ya kai can ya bar shi. Ka riƙe wannan magana, Baba, za mu dawo kanta.

Tun kafin Bature ya san da wurin akwai masu shi. Mutanen farko da suka yi suna a can manoma ne kamar ku, suna noman masara da wake da kabewa a bakin ƙoramu. Sun gina ɗakuna da rumbuna na dutse da laka a cikin kogunan bango, can sama inda ɓera da maƙiyi ba sa kai wa cikin sauƙi, sun sassaƙa 'yan matakai a jikin dutse daidai yatsun ƙafa. Wani dogon fari ya same su a ƙarshen ƙarni na 13, kafin shekarar 1300 galibinsu sun yi ƙaura zuwa kudu, kuma jikokinsu, irin su ƙabilar Hofi da Zuni, suna nan har gobe. Bayansu akwai ƙabilun Fayut da Yut da kuma Nabaho, waɗanda daga baya suka zama manyan makiyayan tumaki. Su ne suka san inda ruwa ke kwanciya a kwarmin dutse, da inda ake fita in an shiga.

Ɗaya daga cikin ayarin Turawa na farko-farko da suka bar labarinsu a rubuce a wannan yanki shi ne na wasu limaman Kirista biyu 'yan ƙasar Sifaniya, Dominges da Eskalante, a shekarar 1776. Sun tashi daga garin Santa Fe suna neman hanyar Kalifoniya, ba su kai ba, sanyi da yunwa suka juyo da su. A kan hanyar dawowa suka maƙale a bakin Kogin Kolorado, banguna sun kewaye su, har suka laƙaba wa zangon wani suna da yarensu wanda ma'anarsa ita ce, fita in za ka iya. Sai da suka yanka dawakinsu suka ci. A ƙarshe suka sassaƙa wa dabbobi matakai a jikin dutse, suka haye ranar 7 ga Nuwamba. Bayan shekara 93, wato a 1869, wani tsohon soja mai hannu ɗaya, Jon Wesli Fawel, ya bi kogin cikin jiragen katako huɗu, su goma. Ɗaya ya janye tun da wuri. Ana saura kwana biyu su fita daga kwazazzabon, mutum uku suka ce sun gaji, za su haura ta ƙasa. Shidan da suka tsaya tare sun fita da ransu. Ukun nan ba a sake ganinsu ba.

Amma in ana maganar tafiyar ayari a wannan ƙasa, babu kamar ta 1879. Shugabannin ɗarikar Momon, waɗanda suka kafa Yuta, suka tura mabiyansu su je su kafa gari a bakin Kogin San Huwan, can kudu maso gabas, a ƙasar da Nabaho da Yut da Fayut suke ciki tun da daɗewa. Mutum wajen 250 suka tashi, da mata da yara, da kekunan doki fiye da 80, da dabbobi fiye da 1,000. An ce musu akwai yanke, tafiyar mako shida ce, suka yi guzurin mako shida. Ku fatake kun san ƙarshen wanda ya ji labarin yanke daga bakin wanda bai taɓa bi da kaya ba. Da suka isa gaɓar Kogin Kolorado sai suka tarar ƙasa ta yanke, kogin yana can ƙasa fiye da mita 300, babu hanyar sauka sai wata 'yar tsaga a jikin bango. Su koma baya kuma ba hali, don ƙanƙara ta riga ta toshe duwatsun da suka baro.

Nan suka yada zango, suka ɗauki diga da guduma da ɗan albarushin da suka samu, suka yi wajen mako shida suna faɗaɗa tsagar nan. Akwai wani a cikinsu mai suna Benjamin Fakins, wanda ya yi aikin haƙar kwal a ƙasar Weles ta Birtaniya. Inda bangon ya miƙe sak babu wurin ɗora hanya, sai ya sa aka huda ramuka a jere a jikin dutsen, aka kafa turakun itace, aka shimfiɗa kirare da duwatsu a kai, ya zamana ƙafar keke ɗaya tana bin gurbin da aka sassaƙa, ɗayar tana kan wannan ragaya. Da dare kuwa, a zangon baya, sai a taru cikin wani babban kogon dutse a goga goge a yi rawa, don kada zuciya ta karye. Ranar 26 ga Janairun 1880 aka fara saukar da kekunan. Sai a ɗaure ƙafafun baya da sarƙa, a sa dawaki a gaba, maza goma ko fiye su riƙe igiya ta baya suna turjewa, keke na jan su. Haka aka yi ta yi har aka sauke duka.

Ba a gama ba. Bayan sun haye kogin sai suka shiga falalen dutsen da na faɗa maka, inda kowane tudu sai an sassaƙa masa hanya. Tafiyar mako shida ta ci wata shida. A watan Afrilun 1880 suka isa wani wuri a bakin San Huwan, saura kaɗan su kai inda aka aike su, suka ce wallahi ba inda za mu ƙara, suka kafa garin Bulaf. Abin da ya sa ake ta ba da labarin har yau shi ne, a duk tsawon tafiyar babu wanda ya mutu, har ma an samu ƙaruwar haihuwa a hanya. Ni dai a ganina, shawarar bin wannan hanya wauta ce, domin ba a daɗe ba aka yi watsi da ita aka nemi wata. Abin da ya fisshe su shi ne ba wanda ya ware, kuma kowa ya san aikinsa.

Kada kuma mu manta da waɗanda suka shiga kwazazzaban nan don tsira da rai. A 1864 sojojin Amurka suka ƙone gonakin Nabaho, suka kashe tumakinsu, suka sare itatuwansu na marmari, sannan suka kora mutum fiye da 8,000 a ƙasa, tafiyar kusan kilomita 500, zuwa wani sansani inda yunwa da cuta suka kashe da yawa. Sai a 1868 aka yi yarjejeniya suka dawo gida. Wasu iyalai kuwa sun ƙi kamuwa, suka shige cikin lungunan da ke kewaye da Dutsen Nabaho da 'yan tumakinsu, sojoji ba su iya kai musu ba. Wato wurin da baƙo ke zuwa ɗaukar hoto yau, mafakar kakannin wasu ce.

To yaushe abin ya koma nishaɗi? A farkon ƙarnin da ya wuce ne. Mutanen birane suka fara samun kuɗi da hutu da jirgin ƙasa, suka gaji da hayaƙi. A 1892 aka kafa wata ƙungiya a Kalifoniya mai suna Siyera Kulob, kuma daga 1901 ta riƙa kwasar 'ya'yanta da yawa a kai su duwatsu su yi makonni, da masu dafa abinci da alfadarai. A wannan yanki namu kuwa, a 1909 wasu Turawa suka ji labarin wata gada ta dutse da Allah Ya yi, mai siffar bakan gizo, tsayinta wajen mita 88. Suka haɗa ayari, amma wasu Fayut biyu, Nasja Bege da Jim Maik, su suka nuna hanya. Da ɗan gari akan ci gari, amma Turawan suka shekara da shekaru suna gardamar wane ne a cikinsu ya fara ganinta. A 1913 har tsohon shugaban ƙasa Tiyodo Rusbel sai da aka yi masa jagora zuwa can. A 1919 gwamnati ta mai da kwazazzabon Zayon gandun ƙasa, mai kama da gandun Yankari namu.

Duk da haka zuwa wurin sai mai ƙarfin hali, don babu hanya. Wani ƙauye mai suna Bolda a bayan alfadari ake kai masa wasiƙu har wajen 1940. Abin da ya buɗe ƙasar abu biyu ne. A 1952 aka gano ma'adinin yuraniyom mai yawa kusa da garin Mowab, irin wanda ake haƙa a Arlit, masu nema suka tsaga hanyoyi ko'ina. Sannan aka gina wata babbar madatsar ruwa a kan Kogin Kolorado, aka toshe ta a 1963. Tafkin ya haɗiye kwazazzabai masu yawa, har da mashigin da limaman nan suka haye, amma ya kawo kwalta da otal da sabon garin da ake kira Fej. Daga nan sai ƙungiyoyi suka yi ta kwarara: 'yan sikawut, ɗaliban jami'a, 'yan coci, tsofaffin ma'aikata, da baƙi daga Turai da Asiya. A 2021 mutum fiye da miliyan 5 suka shiga gandun Zayon kaɗai.

Ka tambaya me ya sa suke jerin gwano ba sa tafiya ɗai-ɗai. Wani tsagin tafiya ce kawai cikin yashi da ruwa. Wani kuwa sai an sauka da igiya, kamar mai yasar rijiya. A ɗaura ta a wani ƙarfe ko dutse, a sauka ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ya janye igiyar don a yi amfani da ita a gaba. To da zarar an janye ta an rufe ƙofar baya ke nan, sai dai gaba. A gaban kuwa akwai ramuka masu ruwan sanyi ƙarara, masu sulɓin baki, waɗanda mutum ɗaya ba ya iya fita sai wani ya ɗaga shi a kafaɗa, shi kuma ya jawo na ƙasa. Ka ga aikin na jama'a ne.

Waɗanda suka tafi su kaɗai, labarinsu sananne ne. A watan Nuwamban 1934 wani saurayi mai zane, Eberet Rus, ɗan shekara 20, ya bar garin Eskalante da jakuna biyu. Bayan watanni aka tsinci jakunan a wani kwazazzabo, shi kuwa har yau babu labari. A watan Afrilun 2003 kuma wani injiniya, Aron Ralston, ya shiga wani tsagi bai gaya wa kowa inda za shi ba. Dutse mai nauyin kilo 360, wato kusan buhu huɗu na masara, ya gangaro ya matse masa hannun dama da bango. Kwana biyar yana nan, ruwansa ya ƙare. Da ya ga babu mai zuwa, sai ya karya ƙashin hannun, ya yanke shi da wata 'yar dasasshiyar wuƙa, ya sauka bango mai tsayin mita 20 da hannu ɗaya, ya yi ta tafiya har ya ci karo da wasu masu yawo. Ya rayu. Da ya bar sallahu ko wurin mutum ɗaya, da an san inda za a neme shi.

Sai dai fa, Baba, kada ka ɗauka yawa shi ne magani. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi a wajen ɗaga dutse, amma ba a wajen ruwa ba. Mu nan mukan ce ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. A can, wanda bai dake ka ba shi ne abin tsoro. Damininsu gajeriya ce, daga Yuli zuwa Satumba, kusan lokaci ɗaya da tamu, kuma hadari ne na wuri ɗaya, ya zuba nan ya bar can. Mutum yana cikin tsagi, abin da yake gani na sama bai fi faɗin rawani ba, shuɗi garau, alhali ana sheƙa ruwa a bayan dutse. Mutanen Agadas sun san irin wannan, domin a farkon Satumban 2009 ruwan da ya sauka a duwatsun Abzin ne ya biyo ƙorama ya rushe musu unguwanni. Bambancin kawai, a fili mutum yana iya gudu gefe. A cikin tsagi babu gefe. Waɗanda suka tsira sukan ce da farko iska ce ke busowa, da warin laka, sai rugugi kamar na babbar mota, sannan abin ya ɓullo, rabi ruwa rabi taɓo, da itace da duwatsu a gaba. Ka tuna kututturen nan da ya gitta can sama? To ga mai ɗora shi.

Kusa da garin Fej, a ƙasar Nabaho, akwai wani tsagi da Turawa ke kira Antilof, wato na barewa, wanda ya fi kowane shiga hoto, ba mamaki ma shi ɗanka ya nuna maka. Su Nabaho sunan da suka sa wa sashensa na sama ma'anarsa ita ce inda ruwa ke ratsa dutse, ka ji masu wuri. Ranar 12 ga Agustan 1997 wasu baƙi suna cikin sashensa na ƙasa. A inda suke ɗan yayyafi kawai aka yi. Ruwan na gaske ya sauka ne nesa da su, fiye da kilomita 10. Da ya iso ya tafi da tsanin katakon da ake fita da shi, ya tafi da mutanen. Goma sha ɗaya suka mutu, bakwai 'yan Faransa, biyu 'yan Amurka, ɗaya ɗan Ingila, ɗaya daga Suwidin. Jagoransu kaɗai aka samu da rai, ruwa ya tuɓe shi ya jefar a kan wani dutse, jiki duk rauni.

Shekara 18 bayan nan, ranar 14 ga Satumban 2015, wasu abokai bakwai, dukkansu 'yan shekara hamsin da wani abu, suka je wani ɗan gajeren tsagi a gandun Zayon. Ba yara ba ne, ba mahaukata ba ne, kuma da safe sun karɓi takardar izini, an kuma shaida musu akwai yiwuwar ruwa. Da rana hukumar yanayi ta fitar da gargaɗi mai ƙarfi, aka rufe wuraren, amma su sun riga sun yi gaba, babu mai isar musu da saƙo. Ruwan da aka yi bai wuce milimita 16 cikin awa ɗaya ba, abin da manomi a nan zai ce ya isa shuka. Amma kogin da ke gandun ya ninka fiye da sau 40 cikin minti 15. Bakwai ɗin nan babu wanda ya fita. A wannan rana dai, a garin Hildel da ke kusa, ruwa ya tafi da motoci biyu, mutum 13 suka rasu, mata da yara.

A nan ne nake ganin ayarin Turawa ya gaza ayarin fatakenmu na da. Ayarin Gwanja yana da madugu uban tafiya, in ya ce yau ba a tashi, to ba a tashi, ko kana da jaki ɗari. Ayarin abokai kuwa kowa madugun kansa ne. An nemi hutu a wurin aiki, an yi tafiyar awa shida ko bakwai a mota, an biya kuɗin masauki, an samu izini da kyar. Sai a ga ɗan hadari can gefe. Kowa ya ji wani abu a ransa, amma ya dubi na kusa da shi ya ga bai ce komai ba, sai shi ma ya yi shiru, don kada a ce shi ne matsoraci. Ban ce haka ta faru da waɗancan bayin Allah ba, amma masu koyar da wannan sana'a a can suna yawan jan kunne a kan haka. Da yawansu kan kafa sharaɗi tun a bakin mota, cewa in mutum ɗaya ya ce a koma, an koma, ba gardama.

Hukuma ma ta ɗau darasi. Tun daga 1997 ba a shiga Antilof sai da jagora mai izinin hukumar Nabaho. An kafa matakan ƙarfe da aka ɗaure da ƙusa a jikin dutse, an sa rediyon da ke kamo gargaɗin yanayi da jiniya a bakin mashiga, kuma in aka ga alamar ruwa a sama sai a rufe, ko da layin baƙi ya kai ina. Ya zama sana'ar iyalai da yawa, masu jagora da direbobi da masu sayar da tsakiya da darduma. Da cutar korona ta zo suka rufe wurin daga Maris ɗin 2020 har zuwa Yulin 2021, suka zaɓi lafiyar tsofaffinsu a kan ciniki.

A gandayen gwamnati kuma an ƙayyade yawan ayari. A tsagogin Zayon ba a wuce mutum 12, wasu ma 6. A kwazazzabon Fariya, inda Bakskin ke zubawa, ayari ba ya wuce 10, kuma mutum 20 kacal ake bari su shiga da niyyar kwana a kowace rana. Akwai wani falalen dutse mai zane kamar igiyar ruwa, wanda sai an jefa ƙuri'a, tun daga 2021 mutum 64 ake bari a yini. Dalili ba hatsari kaɗai ba ne. A tsakanin duwatsun akwai wani baƙin ɓawo a kan ƙasa mai rai, shi ke riƙe yashi kada iska ta kwashe, in aka taka shi yakan yi shekaru masu yawa bai farfaɗo ba. Sannan, a gafarce ni, a Fariya ko bayan gida mutum ya yi sai ya ƙulle shi a wata leda ta musamman ya fito da abinsa, don a cikin tsagi ba inda zai ruɓe. Ka ji fa, da kuɗinsa.

Akwai kuma rigimar da ku manoma da makiyaya za ku gane da wuri. A 1996 Shugaba Kilinton ya keɓe wani makeken yanki a kudancin Yuta ya hana sabon haƙar ma'adini a ciki. Masu yawo suka yi murna, masu kiwon shanu da 'yan ƙauyuka da dama suka ce an yanke hukunci a kan ƙasarsu ba a tambaye su ba. A 2017 Shugaba Turam ya rage yankin kusan rabi, a 2021 Shugaba Baidin ya mayar da shi yadda yake.

Saura tambayarka ta ƙarshe a ƙasan takardar, inda ka ce ko ɗan Nijeriya zai iya zuwa. Zai iya, in ya samu biza da kuɗin jirgi. Lokacin da aka fi so shi ne daga Afrilu zuwa farkon Yuni, ko kuma Oktoba, kafin ruwa da bayan ruwa, kuma ana so kowane mutum ya ɗauki ruwan sha aƙalla lita 4 na yini guda. Kuɗin kuwa, gaskiya sai albasa ta yi tsada shekara biyu a jere.

A gaishe mana da mutanen Illela da na ƙetaren iyaka a Ƙonni. Sauran takardun da ke gabanmu sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.